Shuɗin Kaset Da Sunayen Da Ba Mu Rubuta Ba

Zuwa ga 'yata Rahma, Uwata ta kaina,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fata kin sauka Jidda lafiya, kin sami ɗaki mai iska, kuma ƙawayenki da kuke kiɗa tare suna nan ƙalau. Allah ya tsare min ke a gida da kan hanya, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya kau da idon mugu daga kanki. Ummanki tana gaishe ki. Labarin gida kuwa ita za ta ba ki a waya, har da wanda bai faru ba tukuna, saboda haka ni ba zan taɓa shi ba.

Da gangan na rubuto da Hausa. Na san Larabci ya fi zama a bakinki, na kuma san za ki yi tsaki in kin ga tsawon takardar. Ki haɗa shayi ki zauna. Abin da zan ba ki da Hausa ya faru, da ita kuma zan faɗe shi.

Ranar da za ki tafi, kina tsaye a bakin ƙofa da jita a baya, kika ce da ni, "Abuya, in na hau dandamali ƙarshen wata, ina so in kaɗa waƙoƙin Shuɗin Kaset. Ka yarda in faɗi sunayen waɗanda suka yi shi?" Na ce bari in yi tunani. Kika ce, "Ɗayyib, na ji. Amma in babu sunaye, wallahi ba zan taɓa waƙa ko ɗaya a ciki ba." Kika tafi ranki babu daɗi, ni ma na kwana da abin. Taurin kan nan na san inda kika gado shi, kuma ba wajen Ummanki ba ne.

Abin da ya hana ni amsawa nan take shi ne kaset ɗin ba nawa ba ne ni kaɗai. Mu huɗu ne. Ni da jita, Idi Dogo da jita ta biyu, Yaƙubu da waƙa, sai Musa da darbuka, 'yar gangar nan ta hannu. Iyayena ta Sudan suka biyo, iyayen Idi ta Cadi. Yaƙubu da Musa kuwa aikin hajji suka zo suka zauna, babu igama, wato izinin zama, babu wata takarda. A saman rufin wani gida a unguwar Nakkasa, nan Makka, muke taruwa bayan la'asar, har maƙwabta suka sa mana suna 'Yan Saman Rufi, kuma ba don yabo suka sa ba. Kafin in ba ki amsa, bari ki ji yadda aka yi, da irin shirmen da ubanki ya tafka a hanya.

Jitar nan da kika ɗauke min ba kunya ba tsoro, a kasuwar gwanjo ta Jidda na saye ta. Na ga tana da tsirkiya goma sha biyu, alhali duk jitar da na taɓa gani shida gare ta. Sai na ce a raina, kai, waɗannan maƙeran mutanen kirki ne, sun san tsirkiya tana wuyar samu, sun haɗo da ta canji. Ina isa gida na kwance shida, na naɗe su a takarda, na tura ƙarƙashin katifa. Na fi shekara ina kaɗa rabin jita ina yabon kaina da iya tattali.

Ranar da asirina ya tonu, tsirkiya ce ta tsinke, na sauka na ɗauko ƙullina cikin taƙama. Idi ya kalli ƙullin, ya kalli kan jitar, ya ce, "Haruna, ya ahi, waɗannan kunnuwa shida da ke zaune a banza fa, ado ne?" Na ce me ya dame shi. Bai kula ni ba. Ya zauna ya mayar da su duka, kowace mai kauri da siririya a gefenta, yana murɗawa yana kasa kunne, har rana ta kusa faɗuwa. Sa'an nan ya shafa su da yatsa sau ɗaya. Uwata, ban taɓa jin amo irin wannan ba, wani ƙyal-ƙyal mai haske da ya ƙi mutuwa, ya yi ta yawo a saman rufin. Musa ya zabura ya ce, "Subhanallah, wa ya zubar da cokulan shayi?" Yaƙubu kuwa dariya ya yi ta yi min har ya kwanta a ƙasa, bai kuma daina tsokanata da maganar ba har yau.

To ki riƙe wannan. In kin ga abin da ba ki gane amfaninsa ba, a kayan aiki ne ko a halin mutum, kada ki yi saurin cirewa, ki tambaya tukuna. A cikin ƙungiyarku ma za ki ga wadda kamar ba ta ƙara komai. Ki bari ta yi fashi rana ɗaya ki ji yadda kiɗan zai koma.

Daga ranar muka sami salonmu. Ni da Idi ba ma bugun tsirkiya gaba ɗaya. Ɗaya bayan ɗaya muke tsinkarsu, in na sauka shi ya tashi, in ya sauka ni na tashi, kamar mata biyu suna lugude a turmi guda. Amma duk da haka sai da muka ɓata kaset biyu, kuma ni na ja gaba wajen ɓatawar. Na nace sai mun yi da Larabci, mu kwaikwayi manyan mawaƙan Sudan, don a ɗauke mu da daraja. Yaƙubu ya riƙa kumbura wuya yana jan murya. Duk wanda ya saurara sai ya ce madalla, ya wuce ya sayi na ainihin.

Lokacin ina neman Ummanki, tana taya mahaifiyarta sayar da tsaraba a unguwar Misfala, su tasbaha da turare da zobba. Na kai mata kaset ɗaya ina baza hanci. Kashegari na tambaye ta yaya ta ji. Ta ce, "Na ji. Wa ya mutu?" Na ce kamar yaya. Ta ce, "Ku da nake jiyo dariyarku tun daga ƙasan tudu, me ya sa in kun kama waƙa sai ku koma wasu mutane daban?" Na yi kwanaki ina fushi da ita, amma maganar ta shiga. Ke ma za ki haɗu da masu ce miki yi kamar wance don ita ake saye. Ki koya a wajen kowa, babu laifi. Sai dai in kin gama, ki saurari abin da kika yi, ki tambayi kanki ko Ummanki za ta gane ke ce.

Kaset na uku shi ne wanda kika sani. Mai gidan da muke hawa rufinsa ya gina tankin ruwa na siminti a ƙarƙashin gidan, an shafe shi, ba a zuba ruwa ba tukuna. Zafi da ƙorafin maƙwabta suka kora mu ciki. Idi yana taɓa jita muka kalli juna, don amon ya ninku, ya cika wurin. Rikoda ɗaya gare mu da makirfo ɗaya, muka ziraro shi da igiya ta bakin tankin. Wanda ƙararsa ta yi yawa sai ya ja baya. Musa can lungu muka tura shi, muka kuma rufa wa darbukarsa tawul, yana ta gunaguni wai an mai da shi bare. Da rana muke yi, in an kira salla mu haura tsani mu je masallaci jiƙe da gumi, mu dawo mu ci gaba. Mai gida kullum yana leƙowa yana cewa, "Yalla, ku gama, motar ruwa tana tafe!"

Da Hausa muka yi wannan karon. Yaƙubu ya yi waƙar matakalar Nakkasa da ba ta ƙarewa, da ta tuwon tsohuwarsa da ya bari a gida, da ta saƙon da ake ba alhazai su kai, da wata ta mai sayar da tasbaha wadda har gobe Ummanki tana cewa ba ita ake nufi ba. Kalmomin na kewa ne, kiɗan kuwa na murna. Ban taɓa jin daɗin rayuwa irin na kwanakin nan a cikin rami ba.

Bangon kaset ɗin shuɗiyar takardar da Ummanki take naɗe turare ce, muka yayyanka. Ba suna, ba hoto. Mutum biyu ba su da igama, hoto a jikin kaset miƙa kai ne. Ni kuma da mahaifina ya ga sunana, da a kaina zai fasa jitar. Ummanki ta riƙa ajiye su ƙarƙashin tasbaha, duk alhajin da ya yi sayayya da yawa sai ta ɗora masa ɗaya gyara. A nan Makka babu wanda ya ɗauke mu a bakin komai, hayaniyar yara ake cewa. Amma da shekara ta zagayo, sai ga alhazai daga Kano da Damagaram da Injamena suna bin rumfuna suna tambaya, "Ina mai shuɗin kaset ɗin nan?" Wani ya ce nasa ya tsinke don yawan juyawa, wani ya ce ƙaninsa ya sace. Haka sunan ya samu, ba mu muka raɗa ba.

Nan fa kaina ya kumbura. Na ce ai mun wuce rami, na ja su zuwa wani situdiyo a Jidda mai bango da darduma. Aka sa kowa a ɗakinsa, aka toshe mana kunne, kowa ya yi nasa shi kaɗai, daga baya aka haɗa. Ni ban ga hannun Idi ba, shi bai ga nawa ba, luguden ya watse. Kaset ya fito tas, babu ƙura ko kaɗan, kuma babu rai. Ko gyara aka ba alhaji sai ya mayar.

Na ji kina cewa za ki sa na'ura ta wanke tsohon kaset ɗin kafin ki ɗora shi a intanet. Ki rage shuu ɗin da ke ciki, na yarda. Amma a gefe na biyu akwai inda ake jin hon ɗin motar ruwa, sai kuma wani ya fashe da dariya. Kada ki taɓa wurin. Idi ne, kuma muryarsa da ta rage mana ke nan. Ki kuma lura, duk inda za a kai ku aiki, ki nemi a bar ku kuna ganin juna.

Bayan haka rayuwa ta raba mu. Aka kama Yaƙubu aka mayar da shi gida, ya zauna a Damagaram. Musa ya ajiye darbuka, ya sami takardunsa, ya zama Malam Musa mai koyar da yara Alƙur'ani a Utaibiyya. Idi Allah ya yi masa rasuwa kina ƙarama. Gidan da tankin duk an rushe. Ni na kama gyaran firji da na'urar sanyi, na rataye jita a bayan ƙofa.

Wata shekara ina gyara a wani masaukin alhazai a Misfala, sai na ji luguden jita yana tashi daga wayar wani saurayi. Sabuwar waƙa ce ta biki, amma salon namu ne, ko a mafarki zan gane shi. Na ce, "Samari, wannan fa?" Ya ce, "Baba, kiɗan shuɗi ke nan. Duk mai jita a garinmu da shi ya fara koyo. Har ƙarin waya muke ɗaurawa don ya ba da amon." Na ce su wa suka ƙirƙiro shi. Ya ce Buzayen Agadas. Wani na kusa da shi ya ce ƙarya ne, daga Sudan ya zo. Wata tsohuwa da ke kishingiɗe ta ce, "Ku yara ba ku san komai ba. Aljanu ne suka yi shi a cikin rijiya, shi ya sa babu suna."

Maimakon in yi dariya, sai na tattara kayana na bar musu na'ura a kwance, na taho gida na ƙi cin abinci. Ummanki ta bar ni na gama kumburi, sa'an nan ta ce, "Kai ka ɓoye sunanka, kai kuma kake fushi ba a san shi ba. To wa za mu kama?" Da safe na koma na ɗaura musu na'urar. Saurayin ya ce min da kiɗan nan yake ciyar da iyalinsa. Tsohuwar ta ce da shi aka kai 'yarta ɗaki, da shi kuma aka kai jikarta. Na fito ina tafe ina murmushi ni kaɗai a titi. Na yi asarar tuwon dare a banza, alhali abin farin ciki ne ya same ni. Idan wata rana kika ji abin hannunki a hannun wani, ki fara da godiya ga Allah da ya sa ya yi tafiya. Ke kuma duk wanda kika ɗauka a wajensa, ki ambace shi.

Ko a ranar ban ce musu ni ne ba. Ke kanki a bakin Ummanki kika ji, kina budurwa. Tsoron ya daɗe da wucewa, mahaifina ya rasu, gari ya canza har 'yata tana hawa dandamali da jita, amma ɓuyan ya zame min jiki. Ki riƙa duba abin da kike tsoro lokaci zuwa lokaci, ki ga ko dalilinsa yana nan da rai.

Yanzu ga abin da na yi da tambayarki. Na fara zuwa wajen Hajiya Zainabu, matar Idi. Ta yi kuka ta yi dariya a lokaci guda, ta ce, "Ta faɗa da ƙarfi. Kuma ta haɗa da Dogo, don in ta ce Idrisu kawai ko ni ba zan gane shi ba." Na kira Yaƙubu a waya. Ya ce, "Yanzu kuma wa zai kama ni? Ai an riga an kama! Ka ce ta faɗa sau biyu." Ya kama rera waƙar matakala a waya har tari ya sarƙe shi, jikokinsa suna ta ihu a bayansa.

Saura Malam Musa. Na same shi a zaure bayan ya sallami yara. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Haruna, na bar wannan tun tuni. Iyayen yara sun ba ni amana. Halas, a bar ni a inda nake." Ban matsa masa ba. Suna nasa ne, kuma abin da ya zaɓa wa kansa ba abin raini ba ne. Ke ma kada ki taɓa jan mutum zuwa cikin haske don ke kina son wurin. Amma na taho da damuwa, don na san halinki, kin ce sunaye, kuma uku ba huɗu ba ne. Na yi niyyar in roƙe ki ki karɓi uku, na huɗun ki ce wani bawan Allah.

Jiya da hantsi ina shago, kaina cikin wani firji, sai na ji sallama. Malam Musa ne da sandarsa. Ya zauna a benci, ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya yi zancen tsadar tumatir, ni dai ina jira. Can ya ce, "Yarinyar nan, in ta faɗi sunan Idi, mutane za su ce Allah ya jiƙansa ko?"

Na ce, "In sha Allahu."

Ya juya sandarsa. Ya ce, "Tun ranar da ka zo nake tunani. Ka ce an kai amare da kiɗan nan, wasu suna ci da iyali da shi. A cikinsu ba za a rasa wanda ya taɓa cewa Allah ya saka wa waɗanda suka yi wannan ba. Ni ba na son tafi, ya ahi, tafi ba ya bin mutum kabari. Amma addu'ar nan ina so in ta tashi ta san inda za ta."

Na ce, "Haba Malam, kai da kake koya wa yara, ai Allah ya san gidan kowa."

Ya ce, "Ya sani mana. Ni ne dai nake so in ji da kunnena tun ina da rai." Ya miƙe, har ya kai ƙofa ya juyo ya ce, "Kuma ka gaya mata ta faɗa musu tawul kuka rufa min. Kada a zaci iyakar hannuna ke nan."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, da ya tafi kuma na yi hawaye, ban ji kunyar kowa ba.

To Uwata, ga amsarki. Na yarda, mun yarda dukanmu. Ki kaɗa waƙoƙin, ki ɗora kaset ɗin inda duniya za ta ji. In kin tsaya a gaban mutane, ki yi bisimilla, kada ki yi sauri, ki faɗe su ɗaya bayan ɗaya: Idrisu Abakar Dogo, Allah ya jiƙansa. Yaƙubu Mamman. Malam Musa Garba. Sai ubanki, Haruna Sale. Ki ɗan dakata bayan kowane suna, ki ba mutane wuri su ce amin.

Allah ya yi miki albarka, ya sa hannunki ya zama sanadin farin cikin bayinsa. Ya tsare miki sallarki da mutuncinki, ya kare ki daga sharrin hanya da na mutane, ya dawo min da ke gida lafiya. Ki gai da ƙawayenki, ki ce ina sa musu albarka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Haruna